Takunkumin Bindiga

Da hantsi aka harbe dokin kumandan, wata Talata cikin bazarar 1934, kuma babu mahaluƙin da ya ji ƙarar bindiga a Gure.

Dokin yana ɗaure a turkensa cikin kwarin goriba da ke gabas da bariki. Illa, mai kula da shi, yana jan guga a rijiya ya ji wani abu kamar an yi tari a bayansa. Ko da ya waiwaya, baƙin dokin ya durƙusa, ya kife. Mata biyar da ke yankan kaba a bakin kwarin ba su ji komai ba sai ihun Illa.

Kafin azahar gari ya cika da magana. Wasu suka ce jifa ce, wasu suka ce mutanen ɓoye ne. Amma an ga ramin harsashi a bayan kunnen dokin, kuma kowa ya san bindiga ɗaya ce tak a ƙasar da ke kisa ba ta yi magana ba. Kumandan ya zo da ita daga Faransa don farautar barewa. A bakinta ake ɗaura wani bututun baƙin ƙarfe mai haɗiye ƙara, wanda mutanen gari suka raɗa wa suna takunkumi. Kumandan yana Damagaram, sai Juma'a zai dawo. Makullin akwatin bindigar kuwa yana wuyan Isa, tsohon soja, mai goge bindigogin bariki da gyara su.

Malam Usmanu tafinta, wanda aka bar wa bariki, ya sa gardi, masu gadin barikin, suka rufe Isa a ɗakin makamai, sannan ya aika a kira Barmo mai bin sawu.

"Baba Barmo, ka san halin mutumin nan," in ji tafinta. "In ya dawo bai tarar da mai laifi ba, mazan garin nan kaf zai kwasa zuwa aikin hanya, ga damina a bakin ƙofa. Ina son magana ɗaya da zan gaya masa, wadda ba za ta karye ba."

"Ai kun riga kun kama mutum."

"Mun kama mai makulli. Kai ka gaya mini ko shi ne mai harbi."

Barmo ya sunkuyar da kai don kada a ga fuskarsa. Shekara goma sha ɗaya yana gaban duk kumandan da aka kawo Gure in za a fita daji. Shi ke nuna inda jimina ta kwana, shi ke cewa a tsaya ko a wuce. Sai bara waccan Isa ya dawo daga soja da Faransanci a bakinsa. Yanzu Isa ke hawa raƙumi kafaɗa da kafaɗa da Bature suna dariya, Isa ke komawa gida da cinyar barewa. Da farko Barmo yana tafe a ƙasa a gabansu, daga baya aka daina aiko masa gaba ɗaya. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma ko tafiyar Isa ya hango daga nesa sai ya ji bakinsa ya yi ɗaci.

A kwarin, ƴan kallo sun tattake ko'ina kusa da mushen. Barmo bai ɓata lokaci a nan ba. Ya dubi yadda dokin ya faɗi, ya juya ya hau tudun rairayin da ke arewa, yana zagaye a hankali, sandarsa a bayan wuya.

A bayan wata goriba mai rassa biyu ya same shi. Sawun takalmin soja ne, mai ƙusoshi a ƙasa, ya zo daga bayan gari ya tsaya nan, ya koma ta inda ya fito har ya ɓace a kan turbar shanu. Gardin bariki duk takalmin faɗe suke sawa. Mutum ɗaya ne a Gure ke taka irin wannan takalmi, shi ne Isa.

Daɗi ya ratsa Barmo har cikin ƙashi. Ya tsuguna yana kallon sawun kamar mai kallon gonarsa ta yi kyau.

Da zai miƙe, idonsa ya faɗa kan marabar rassan goribar, daidai ƙirjin mutum, inda mai harbin ya jingina bakin bindiga. Akwai wani baƙin maiƙo a wurin, kiyashi kuwa sun yi layi tun daga gindin bishiyar har zuwa kansa, sun rufe shi. Ya dangwala da yatsa ya shinshina. Man shanu ne wanda ya daɗe, haɗe da ƙaurin hayaƙi. Ya goge yatsan a rigarsa, ya sauko daga tudun bai sake waiwayen bishiyar ba.

Illa yana zaune a bakin rijiya, idanunsa jajur.

"Wa kake zato?" in ji Barmo.

"Sai ka tambaya, Baba? Shekarata shida ina wanke dokin nan, ina yi masa harawa, ko tsohuwar riga ba a taɓa ba ni ba. Shi kuwa Isa, daga shafa ƙarfe da tsumma, har agogo aka ba shi. Ya ga kumandan ya fi son dokin da shi, shi ke nan."

"Ka gan shi yau a kwarin?"

"Ban gan shi ba."

"Babu wani mai jin haushin dokin?"

"To, akwai Yabawa mai garkar albasa. Watan jiya dokin ya tsinke ya shiga garkarsa. Na ji shi da kunnena yana rantsuwa sai ya ga bayansa."

Barmo ya taka har ƙarshen kwarin. Ya tarar da Yabawa yana ban ruwa, tsoho ne mai rawar hannu, rabin ruwan ƙwaryar a ƙafarsa yake zuba.

"Na rantse, ban musa ba," in ji Yabawa. "Kuma ban yi kukan mutuwarsa ba. Amma dubi hannuwan nan. Ko randa ka ajiye mini a gabana ba zan same ta da dutse ba."

Barmo ya dubi hannuwan, ya dubi sawun tsohon a cikin laka, ya yi masa sannu da aiki ya wuce.

Da la'asar aka buɗe masa ɗakin makamai. Isa yana zaune a kan akwati, ya naɗe hannu. Ya miƙe ya gaida Barmo da ladabi, ladabin ma ya ƙara wa Barmo haushi.

"Nuna mini takunkumin."

Isa ya ciro makulli daga wuyansa, ya buɗe akwatin, ya warware wani farin ƙyalle. Bututun yana ƙyalli, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Barmo ya kai shi hanci. Ba ƙaurin albarushi ko kaɗan, sai wani wari mai kaifi kamar na kananzir.

"Yaushe ka goge shi?"

"Yau da safe."

"Yau ɗin nan?"

"Kowace Talata nake kwance shi in wanke in shafa masa mai, ko an yi harbi ko ba a yi ba. Haka kumandan ya ce. Na san yadda maganar za ta zauna a kunnen mutane, Baba, amma gaskiyar ke nan."

"Da wane mai?"

Isa ya nuna wani ɗan gwangwani mai dogon baki. "Nasu ne, daga can ake kawo shi. Ba a sa masa wani."

Barmo ya dubi ƙafafunsa. Takalman sababbi ne, ƙasansu sumul babu ƙusa.

"Ina tsofaffin, masu ƙusa?"

Nan ne idon Isa ya kauce. "Sun ɓata."

"A ina?"

"Ban sani ba. Sun ɓata."

Ƙarya yake, ko makaho zai ji ta a muryarsa. Barmo ya ga aikinsa ya ƙare: ga sawu, ga makulli, ga takunkumin da aka wanke a ranar, ga ƙarya. Har ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo, ya yagi gefen rawaninsa, ya ce Isa ya ɗiga masa man a kai. Shi kansa bai ji daɗin hannunsa da ya yi hakan ba.

Washegari da safe matarsa Habsu ta ajiye masa fura. Ya zauna yana juya ludayi bai sha ba.

"An ce ka ga sawun Isa," ta ce.

"Na gani."

"To ai sai ka sha furarka. Ba abin da kake roƙo ke nan ba shekara biyu?"

Ya ɗago ya harare ta. Ba ta ko kula ba, ta ci gaba da tankaɗe.

"Ni wansa Garbai maƙeri nake tausayi," ta ce. "Shi ya raine shi bayan rasuwar ubansu, shi ya koya masa riƙon awartaki. Har aikin barikin ma ai na Garbai ne kafin ƙanen ya dawo a karɓe a ba shi. Duk da haka bai ce uffan ba. Sai ranar sunan ɗiyar Isa, da ya kawo takunkumin yana nuna wa baƙi. Garbai ya miƙa hannu zai karɓa ya duba, Isa ya janye, ya ce, Yaya, bari, hannunka da gawayi. A gaban surukai! Matan da suka yi girki sun ce Garbai ko tuwo bai tsaya ci ba."

Barmo ya ture furar. Ya tashi ya zagaya bayan rumbu, inda kiyashi ke da hanya. Ya ajiye tsumman da Isa ya ɗiga wa mai a tsakiyar layinsu, ya tsuguna. Kiyashin suka iso, suka tsaya, suka rabu biyu suka kewaye shi. Ko ɗaya bai hau ba.

Ya daɗe a tsugune. Babu wanda ya ga maiƙon goribar sai shi. Zuwa gobe kiyashi za su cinye shi, iska ta share sauran. In ya yi shiru, Juma'a za a ɗaure Isa, mako mai zuwa kumandan zai nemi mai kai shi daji. Ya hango kansa a kan raƙumi. Sannan ya tuna bai taɓa karanta ƙasa ya faɗi abin da ba ta ce ba, ko lokacin da sawun ɓarawon akuya ya kai shi ƙofar ɗan ƙanwarsa. Ya yi tsaki, ya ɗauki sandarsa.

Maƙerar Garbai tana bakin kasuwa. Hauyoyi da fartanyoyi sun taru a gefe, babu wanda aka taɓa, wani manomi yana fita yana gunaguni wai wata uku ke nan ana ce masa gobe. Garbai ƙaton mutum ne marar yawan magana. Yana zaune yana jan zugazugi da kansa.

"Sannu da wuta, Garbai."

"Yawwa, Barmo. Sannu da yawo."

"Ka je ka ga ɗan'uwanka?"

"Yana da manya a bariki. Me zai yi da maƙeri?"

Barmo ya zauna a kan kututture kamar mai hutawa. A gindin bango akwai ƴar ƙwarya da tsumma a ciki, baƙi ƙirin, ta man shanun da maƙera ke shafa wa sabon ƙarfe don kada ya yi tsatsa. Kiyashi sun yi mata zobe.

"Mutane suna cewa shi ne," in ji Barmo.

"Mutane suna da baki."

"Kai fa?"

Garbai ya juya ƙarfen da ke cikin wuta, ya daɗe yana kallonsa. "Wanda aka ɗaga sama ai shi ake gani."

Barmo ya yi sallama. Bai tambayi takalma ba, bai leƙa ɗakin da ke bayan maƙerar ba. Ya san in ya taɓa maganar yanzu, kafin la'asar komai zai shige cikin wuta ko cikin rijiya.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Usmanu ya tara mutane a gindin gawon da ke ƙofar bariki. Dattawan unguwanni suka zauna a gaba. Aka kawo Isa tsakanin gardi biyu. Illa da Yabawa suna gefe, Garbai kuma yana can baya a tsaye, don Barmo ya ce a kira shi a matsayin wan wanda ake tuhuma.

Barmo ya fara da sawun takalmin, jama'a suka yi guna-guni suna kallon Isa. Sai ya ɗaga hannu. Ya fito da tsumma biyu, ɗaya da man bariki, ɗaya da man shanu, ya ajiye su a kan hanyar kiyashi a gindin gawon, ya ce dattawa su matso. Ba a jima ba na man shanun ya yi baƙi da kiyashi, ɗayan kuwa fes.

"Inda mai harbin ya jingina bindigarsa, kiyashi na tarar sun rufe wurin," in ji Barmo. "Takunkumin kumandan bai taɓa ganin man shanu ba. Ba da shi aka kashe dokin ba. Akwai na biyu a garin nan."

Malam Usmanu ya ce, "Na biyu daga ina?"

"Abin da ya hana ni barci ke nan," in ji Barmo, yana magana a hankali, bai kalli bayan taron ba. "Na ce ko a nan aka ƙera shi. Sai na yi wa kaina dariya. Wa zai ƙera? Na riƙe na kumandan a hannuna, aikin Nasara ne, sai su. A ƙasar nan in ka cire Isa babu wanda ma ya san yadda ake kwance shi. Maƙeranmu, Allah ya ba su haƙuri, ƙusa da linzami ne iyakarsu. Don haka sai dai mu gaya wa kumandan wani baƙo ne ya shigo da shi daga Arewa, ya yi ɓarna ya wuce."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Haka ne, wa zai iya?"

"Ni na iya."

Kowa ya waiwaya. Garbai ya ratso mutane, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

"Yaya, yi shiru!" Isa ya yi tsawa, yana fizgewa daga hannun gardi. "Don Allah yi shiru!"

"Yau ma kai za ka hana ni?" in ji Garbai. Ya juya ga Barmo. "Ƙusa da linzami, ko? Sau ɗaya na ga abin nan, a hannun wani, ko taɓawa ba a bar ni na yi ba. Wata huɗu ina kansa. Na lalata shida, na bakwai ya yi. Mata biyar suna kwarin, wace ce ta ji? Ku je ɗakin bayan maƙerata, ku ɗaga buhun gawayi. Ku kawo shi ku ajiye kusa da na Bature, dattawa su duba."

Gardi biyu suka ruga. Suka dawo da wata tsohuwar bindigar soja da aka yar tun zamanin da Garbai ke gyaran bariki, da bututu mai maiƙo a bakinta, da takalma masu ƙusa.

"Ni na kai masa su ya sake mini ƙusoshi," in ji Isa. "Da aka ce an ga sawunsu na gane."

"Shi ya sa ka ce sun ɓata," in ji Barmo.

Malam Usmanu ya dubi Garbai. "To dokin me ya yi maka? Kuma ka san abin da za a yi wa ƙanenka?"

"Na ɗauka korarsa za a yi." Garbai ya sauke murya. "Ya dawo maƙera, ya zauna inda ya tashi, hannunsa ya yi gawayi kamar nawa. Abin da na so ke nan."

"Kora? Da bai sake ganin Gure ba," in ji Malam Usmanu.

Garbai ya juya. Ya dubi ƙanensa, karo na farko tun da aka taru, sannan ya zauna a ƙasa ya miƙa wa gardi hannuwansa.

Kumandan ya dawo Juma'a. Waɗanda ke wurin sun ce ya daɗe yana juya takunkumin Garbai a hannu, ya leƙa cikinsa, ya sa tafinta ya tambaya har sau biyu wa ya koya masa. Da aka ce babu kowa, ya kaɗa kai ya ce abin mamaki ne. Garbai ya sa tafinta ya maimaita masa kalmar. Bayan haka aka yanke masa shekara biyar a gidan kaso na Damagaram. Ba a kwashi kowa aikin hanya ba.

Ranar da aka tafi da shi, Isa ya raka su a ƙasa har garin Gidigir yana riƙe masa salkar ruwa. Da ya dawo ya cire makullin daga wuyansa ya ajiye a teburin Malam Usmanu. Matan Garbai da ƴaƴansa bakwai ba su da mai ci da su, garin kuma ba shi da wani maƙeri, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Sati biyu bayan haka aka aiko wa Barmo daga bariki. Aka ba shi raƙumi, ya kai kumandan wajen Kelle, suka kashe barewa uku, ya dawo da cinya guda. Habsu ta dafa, ya ci loma biyu ya ture kwanon.

Da safe ya ɗauki gatarinsa da ya dakushe ya nufi bakin kasuwa. Isa yana zaune a mazaunin wansa, ba riga, gumi yana bin bayansa. Bai iya jan zugazugin daidai ba tukuna, wutar tana tashi tana kwanciya. Suka gaisa a taƙaice. Barmo ya tsaya yana jujjuya gatarin.

"Akwai abin da nake son ka sani," ya ce. "Ranar da na ga sawun nan a tudu, murna na yi. Na so ya zama kai ne."

Isa bai ɗago ba. "Na sani, Baba. Rabin garin ya so haka."

"Ban zo don ka gode mini ba."

"Ba zan iya ba ma. Ka fitar da ni, ka shigar da wana." Ya tura gawayi cikin wutar da awartaki. "Amma ni na fara. Hannu kawai ya miƙo ranar sunan nan, na hana shi."

Wani manomi ya leƙo yana tambayar hauyarsa, Isa ya ce masa ya dawo da la'asar, yau za ta samu. Sannan ya miƙa wa Barmo hannu.

"Kawo gatarin. Zauna ka ja mini zugazugin nan, ni kaɗai ba na iyawa."

Barmo ya jingine sandarsa, ya naɗe hannun riga, ya zauna.